Ƙafar Malam Habu Daga Maraɗi Zuwa Soron Ɗinki

Tun da na dawo daga Kano ba ku bar ni na huta ba. A ƙofar majami'a tambaya, a rumfata tambaya, har a bakin famfo. Yaya Kano? Ka ga manyan benaye? Ka shiga Kurmi? Ban ga komai ba. Ƙafa na kai, ƙafa na kalla kwana goma sha ɗaya, na dawo. Zan rubuta sau ɗaya, Fasto ya karanta muku bayan sujada, kowa ya ƙyale ni. Da yatsa uku nake riƙe biro, kuma da furfura na koyi rubutu a ajin manya. Wanda ya ga kuskure ya haɗiye.

Don waɗanda ba su san ni ba, ni ne Bulus mai takalma, na asibitin masu cutar kuturta. Ina da shekara goma sha uku kawuna ya ajiye ni a ƙofar asibitin ya ce zai sayo goro. Har yau bai dawo da goron ba. Na sha magani na warke, amma abin da cutar ta ci ta ci. Tafin ƙafata ba ya ji, hannuna ba ya ji. A nan na karɓi Almasihu. A nan na koyi yanka takalmi da tayar mota da soso mai laushi, domin irinmu ƙusa takan shiga ƙafarmu mu yi ta yawo da ita, sai wari ya gaya mana.

Malam Habu mutumin Kano ne, daga unguwar Soron Ɗinki a cikin birni. Da can mai aikin riga ne, allura da zare. Da cutar ta fito masa ya sulale daga gida ba sallama, don kada a ƙi auren 'ya'yansa. Shekara ashirin da takwas ke nan. Ya yi ta yawo har ya faɗo wurinmu shekara shida da suka wuce, ƙafar hagu ba yatsu, ta dama da gyambon da zai ci dunƙulen hannu. Ba wanda ya ɗora mini shi. Gadonsa ne ya fi kusa da rumfata, kuma ba mai zuwa duba shi.

Shekara shida ina jiƙa masa ƙafa kowace la'asar. Shekara shida yana gaya mini wuta zan shiga. Ba ya kirana da suna, sai arne. In na goge da ƙarfi ya ce muguntar kafirai ce, alhali ba ya jin komai. In na goge a hankali ya ce lalaci.

Bana wani ɗan kasuwa Bakano ya zo duba ɗan'uwansa, ya gane Malam Habu. Waya ta tashi. Ɗansa Alhaji Tijjani ya yi kuka ya ce a kawo masa ubansa. Likita ya ce to, amma da sharaɗi. Gyambon da ƙyar ya rufe. In ya sake buɗewa ya kai ƙashi, sai yankewa. Dole wani ya raka shi, kuma kada ya dawo sai ya tabbatar akwai mutum a gidan da ya iya kula da ƙafar.

Fasto ya faɗa a sujada, ya tambayi wa zai je. Kuka juyo gaba ɗaya kuna kallona, har da matata Saratu. Waɗanda suka fi ɗaga murya a waƙar ƙaunar maƙwabci su suka fi saurin juyowa. Ni ban iya wa'azi ba. Abin da na sani, Yesu bai tsaya daga nesa ya yi wa irinmu fatan alheri ba, hannu ya sa. Na ɗauki daro.

Kayana ba yawa: daron roba, dutsen goge kaushi, man kaɗanya, gishiri, ƙyalle mai tsabta, ɗan madubi, takalman da na yanka daidai ƙafarsa, da takardar likita.

Rigima ta fara tun a tashar Maraɗi, ranar Talata da sassafe. Direba ya ga furfura ya ce Baba ya zauna gaba. Na ce a'a. Ƙarfen ƙasan gaba yana ɗaukar zafin inji. Mai lafiya zai janye ƙafa, shi kuwa sai ta dahu. Malam Habu ya tara mini jama'a, wai shekara ashirin da takwas ba wanda ya girmama shi, yau an girmama shi arne ya hana. Na cicciɓe shi na sa a baya. Fasinjoji suka ga hannuwanmu suka matse can gefe kamar kifi a gwangwani, mu muka baje. Amfanin cutar nan ke nan guda ɗaya da na sani.

A kan iyaka aka sauke mu. Ni ina da katina na ɗan ƙasa. Ma'aikacin ya ce in ɗaga shi daga inda nake, ya ƙanƙance ido ya karanta daga nesa. Malam ba shi da ko guntuwar takarda. Aka tambaye shi shaidar cewa shi ɗan Najeriya ne. Ya gyara tsayuwa a kan sandarsa ya fara. Sunan ubansa, sunan kakansa, wanda kakan ya ɗinka wa riga, lungun da ke bi ta Jakara ya fita Kurmi, mai gurasar bakin masallaci, da mutumin da ya cuce shi a kan zare tun ba a haifi ma'aikacin ba. Ashe ma'aikacin ɗan Kano ne. Ya yi dariya har ya dafa tebur.

Ya ce, "Baba, wuce. Wannan mitar ba a koyonta a wata ƙasa."

Wani ya nuna buhuna ya ce mene ne a ciki. Na ce kayan wanke ƙafa, ya zo ya duba. Bai zo ba.

Azahar ta same mu a tashar Katsina. Malam ba ya iya riƙe buta, ni nake zuba masa ruwan alwala, haka muka saba. Ina durƙushe ina wanke masa ƙafa, wata mai awara ta ce Allah ya yi wa ɗan nan albarka, irinsa sun yi ƙaranci. Malam ya ce Allah ya kiyaye, shi bai haifi wannan ba. Ya ta da salla a zaune, ni na koma gefe riƙe da takalmansa. Wani mai gemu ya tsaya a kaina, ya ce ni fa me nake jira, ko ban ji kira ba. Ya fara ɗaga murya, mutane suka fara juyowa. Malam ya sallame.

Ya ce, "Ƙyale shi, arne ne. Amma kada ka taɓa shi, nawa ne."

Wannan ita ce magana mafi daɗi da ya gaya mini a shekara shida. Ku auna sauran.

Daga Katsina zuwa Kano ba abin faɗa sai tsayawa da tashi. Malam yana kiran sunan kowane gari kafin mu kai, rabi daidai rabi kuskure, kuma duk wanda ya yi kuskure a kai sai ya ce lalata shi aka yi.

Kano hayaniya ce. Duk mutanen Maraɗi ranar kasuwa ba su cika titi ɗaya ba. Muka hau adaidaita sahu, Malam ya ce ba ya buƙatar a nuna masa garin ubansa. Ya ce a bi ta kukar nan, a karya a bakin kududdufi. Kuka babu, kududdufi an cike shi an yi shaguna. Sau biyu muna zagaya Ƙofar Wambai, muna gaisawa da masu robobi iri ɗaya. A na uku na kira Alhaji a waya ya yi wa direban kwatance.

A bakin lungu adaidaita ta tsaya, ba ta shiga. Na dubi ƙasa. Kwata, fasassun kwalabe, guntayen ƙarfe. Na ce ba zai taka ba. Na goya shi, buhu a hannu ɗaya, sanda a ɗaya, daro ba wurin riƙewa. Na kifa masa a ka. Haka Malam Habu ya shiga unguwar ubansa bayan shekara ashirin da takwas, a bayan Kirista, da daro a ka, yana zagina ta cikinsa.

Alhaji Tijjani yana ƙofar gida. Babban mutum ne, dilan takalma a Ƙofar Wambai. Ya cire daron, ya ga fuskar, ya zube a ƙasa. Daga cikin gida kuka ya tashi. Ba zan ɓoye ba, ni ma na share ido da gefen riga. Maza suka karɓe shi daga bayana suka ratsa soro da shi, wato abin da mu muke kira zaure, suka wuce ciki. La'asar ta yi. Na ɗauki daro na bi su.

Alhaji ya tsaya a gabana yana murmushi, ya nuna mini rubutu a bango: Ba a shiga. Ya ce gidan malamai ne, namiji baƙo iyakarsa soro. Ga kuma yayarsa Uwani tana takaba, mijinta ɗan'uwansu ne a nan cikin gidan, bai yi wata biyu da rasuwa ba. Na ce ni ba mata na zo kallo ba, ƙafa na biyo. Ya ce in huta, na sha hanya, ba matsala, gobe in Allah ya yarda.

Mu a wurinmu darni ne na kara. Ka yi sallama daga waje ka riga ka ga tukunya, ka ga mai girki. Can kuwa bango ne ya fi mutum biyu tsawo, da ƙofa ɗaya, da labule mai kauri a kanta. Na ƙetare iyakar ƙasa biyu da mutum marar takarda, labule ya tsayar da ni.

Suka sauke ni a wani ɗaki a jikin soro, cike da kwalayen takalma. Sabuwar tabarma, sabuwar buta, sabon kwano da takardar kanti a gindinsa. Komai sabo fil. Na yi ta tunani ko don hannuna ne ko don addinina. Ban tambaya ba, duk amsar da aka ba ni ba za ta yi daɗi ba. Abinci kuwa hannu ne ke turo shi ta ƙarƙashin labule. Gurasa da ƙuli da mai, alkubus, tuwon shinkafa da miyar taushe. Gaskiya sun iya girki. Amma furarsu ta marmari ce, ba ta riƙe ciki. Da rana sai in tuna ƙwaryar Saratu.

Abin da ya fi ba ni wahala, mutanen Kano ba sa cewa a'a. Mu in ba mu yi sai mu ce ba mu yi, a yi faɗa a gama. Ranar Laraba Alhaji ya ce Baba yana da baƙi. Ranar Alhamis ya ce yana barci, ba matsala. Na zaunar da shi na gaya masa komai: ruwan sanyi, jiƙo, guga, mai, dubawa. Yana ta gyaɗa kai, waya tana ta kuka a aljihunsa. Ya ce za a gaya wa mata. Na ba shi takardar likita mai cewa cutar ta mutu tuntuni, ba ta kama kowa. Da Faransanci aka rubuta ta. Ya ninke da ladabi ya sa a aljihu. Na ba shi takalman taya. Ya juya su da kan yatsa, mai sayar da takalmin fata yana duba aikin taya. Ya ce madalla, ya ɗora a kan kwali. Ranar Juma'a suna nan inda ya ɗora su.

Ranar Juma'ar aka fito da Malam. Babbar riga, hula, turare, farar safa, da takalmi sau-ciki na fata mai sheƙi, wanda ya fi kowanne kyau a shagon ɗansa. Fuskar Malam tana haske. Ban taɓa ganinsa haka ba. Na ce a canza takalmin. Alhaji ya ce masallacin kusa ne, kuma mutum ba ya zuwa Juma'a da tayar mota a ƙafa. Malam bai ko dube ni ba. Suka tafi da ƙafa, jama'a a bayansa. Na zauna na yi addu'a, kuma ba addu'a mai ladabi ba ce.

Da suka dawo soro ya cika. Dattawan unguwa, surukai, abokan ƙuruciya, kowa yana barka da dawowa. Ni ina gefe ina kallon ƙasa, nan ne aikina yake. Safar dama ta canza launi a dunduniya.

Na ratsa tsakiyarsu na durƙusa na zare takalmin. Na zare safar. Fata ta yanke shi a bayan dunduniya, dab da tsohon gyambon. Saman ƙafar kuma duk bororo, wasu sun fashe. Wannan ba aikin takalmi ba ne, ƙuna ce. Na tambayi wa ke ba shi ruwan zafi. Malam ya amsa da alfahari, wai 'yarsa ke dafa masa ruwa safe da yamma kamar yadda ake yi wa uba, ba ruwan sanyi irin na shayar da jaki da arne ya saba ba shi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ba wanda ya yi masa mugunta. Da girmamawa suke ƙarasa shi.

Dattawa suka ga ƙafar, suka ga hannuna, suka fara tuna suna da uzuri. Ɗaya bayan ɗaya soro ya zama fili. Ashe an gaya wa unguwa karatu ya tafi gabas, yatsun kuma ciwon suga ne. Alhaji ya rufe ƙofar waje.

Ya ce, "Malam Bulus, ka tona mana asiri a gaban surukanmu."

Na ce, "Alhaji, yau safa ta rufe. In an yanke ƙafar, da me za ka rufe?"

Aka ɗauki Malam aka koma da shi ciki.

Asabar da safe na tarar da shadda da turare da goro a ƙofar ɗakina, da saƙon cewa motocin Katsina da wuri suke tashi. Korar mutanen Kano ke nan, da turare. Na ture kayan gefe, na cika daro da ruwa, na zauna a tsakiyar soro. Alhaji ya fito zai tafi kasuwa ya ce me nake jira. Na ce ƙafa. Ko a fito mini da ita, ko a ɗauke ni da daron a jefar a lungu, kuma ina da nauyi. Ya rufe ƙofar waje ya shiga ya fito da ubansa.

Na wanke ciwon da ruwan gishiri na ɗaure. Bai kai ƙashi ba, na gode wa Ubangiji. Na ce ba taka ƙasa sai ya rufe, salla a zaune. Na ce wa Alhaji ya zauna ya koya. Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya kai hannu har ya kusa. Sai ya janye. Ya tashi ya juya wa bango fuska.

Ya ce, "Ba zan iya ba. Ina ɗan shekara goma sha biyar ya tafi. Ƙafar da na sani ba wannan ba ce."

Na so in zage shi. Ban zage shi ba. Ya ce zai ɗauki wani ya riƙa zuwa. Na ce wanda aka ɗauka zai zo mako ɗaya, a na biyu kakarsa za ta mutu a ƙauye. Matar Alhaji ta aiko cewa tana da ƙananan yara. Na samu ƙafar, amma ban samu wanda zan bar wa ba. Ga Saratu tana kira, ga masu jiran takalma a gida suna taka ƙasa da tsumma.

Ranar Lahadi na fita daga birni na nemi majami'a a Sabon Gari, inda ake sujada da Hausa. Lasifikarsu ta kai rumfata girma. Bayan an tashi wani mai kwat ya ji labarina ya yi ta yabon Ubangiji. Ya tambaya ko tsohon ya karɓi Almasihu. Na ce a'a. Ya ce to ina yi wa mutanen gidan wa'azi? Na ce ko labule ban wuce ba. Ya ciko mini hannu da takardun bishara. Na tambaye shi ko ya san wanda zai riƙa shiga birni da la'asar yana wanke ƙafa. Ya dubi agogo. Takardun na kawo su, suna wurin Fasto.

Ranar Litinin ina jiƙa ƙafar a soro, Alhaji yana zaune ya jingina da ƙofar waje, sai aka yi sallama daga bayan labule. Muryar mace ce, ba yarinya ba. Uwani ce, mai takaba.

Ta ce, "Malam Bulus, ruwan da nake dafa masa ne ya ƙona shi?"

Na ce, "Shi ne."

Malam Habu ya ce ni dabba ne, ba a gaya wa mutum magana haka. Ita kuwa ta share murya ta tambayi yadda ake sanin zafin ruwa. Na ce da gwiwar hannu, ni ma da ita nake gwadawa. Ta tambayi tsawon jiƙo. Na ce gwargwadon dahuwar shinkafa. Ashe tun Asabar tana tsaye a wurin tana ji. Ta ce shekara biyu ta yi tana jinyar mijinta, ita ke juya shi ita ke wanke shi, ba ta ƙyamar jikin mutum. A koya mata.

Amma ita ba ta fitowa, ni ba na shiga. Aikin nan kuma ba a koyonsa da baki kawai, sai an yi an duba. Na ce wa Alhaji ko dai ta fito da lulluɓi ko ni in shiga da ido a rufe. Ya ce a'a. Ita ce a'a ta farko da na ji a Kano, saura kaɗan in gode masa.

Uwani ta ce, "Tijjani, ni na goya ka. Tashi ka kawo turmi."

Ya tashi. Aka kifa turmi a kan dokin ƙofar da ke tsakanin soro da cikin gida. Aka zaunar da Malam a kai, fuskarsa ga jikin ƙofar, ƙafa ɗaya a soro, ɗaya a ciki. Aka sako labule ta gabansa ya sauka tsakanin gwiwoyinsa. Ni da darona a waje da ƙafar dama mai ciwo. Ita da bahonta a ciki da ta hagu. Ba na ganinta, ba ta ganina.

Malam ya ce, "Yau na ga ikon Allah. An raba ni kamar gado, rabi ga arne, rabi ga mace."

Uwani ta ce, "Baba, daina motsi."

Ya daina. Ni shekara shida ina faɗar haka bai taɓa dainawa ba.

Ina faɗa tana yi. A jiƙa. A goge kaushi da dutse, gefe-gefe, ba kan ciwo ba. A shafa mai tun ƙafar tana da danshi. A duba tafi da madubi, a duba dunduniya, a duba ko'ina, domin ƙafar ba za ta yi ƙara ba, ido ne zai ji mata zafi. Dutse da mai suna wucewa ta ƙarƙashin labule. In ta gama sai a juya Malam a kan turmi, ƙafar da ta yi ta dawo wurina in duba. Ranar farko ta ji tausayi, ta bar kaushi. Na faɗa. Ranar biyu ta goge har wurin ya yi ja. Na faɗa. Ba ta yi fushi ba, ba ta ce ba matsala ba. Ta ce a sake.

Alhaji ranar farko yana ta jan carbi, fuska a gefe. Ranar Talata shi ya ɗebo ruwan. Ranar Laraba na nemi takalman taya a kan kwali ban gani ba. Da yamma ya dawo da su. Ya kai wa wani baduku an rufe samansu da fata, sun zama abin shiga mutane, tafin da soson nawa ne ba a taɓa ba. Na ce ya sa hannu a ciki ya shafa, tun da ni nawa ba ya ji. Ya shafa, ya tarar da ƙullin zare mai tauri daidai inda babban yatsa zai zauna. Ya dube ni. Na ce wannan ƙullin shi ne ƙafar ubansa. Ya yanke shi da reza. Na ce daga yau aikinsa ke nan, kowace safiya ya kaɗe takalmin ya shafa cikinsa kafin a sa. Takalmi dai ba ya tsoronsa.

Ranar Alhamis na ce a mayar da turmin ciki, ƙafa biyu duk nata. Na zauna a soro hannu ba komai, ina jin ƙarar ruwa da ƙarar dutse da mitar Malam. Can ta ce akwai 'yar tsaga tsakanin yatsa na uku da na huɗu a ƙafar dama. Na ce babu, ƙafar nan a hannuna take tun Asabar. Ta ce akwai. Aka turo mini ƙafar ta ƙarƙashin labule. Na buɗe yatsun. Tana nan, ƙarama kamar tsagar ƙwayar gero.

Na ji haushi sosai. Na ce an gama, gobe zan tafi.

Abincin ranar ya zo a wani tsohon kwano mai lotsawa a gefe.

Juma'a da safe aka fito mini da Malam soro. Ya ce shekara shida yana roƙon Allah ya shirye ni, amma kaina ya fi na jaki tauri. Na ce ni ma ina yi masa addu'a kullum. Ya ce in riƙe kayata. Sai ya kama wuyan hannuna da dungulmin hannuwansa biyu ya ƙi saki. Alhaji ya ce mota za ta tashi. Bai saki ba.

Ya ce, "Bulus, wa zai riƙa zaginka yanzu?"

Na ce, "Ba za a rasa ba, Baba."

Daga bayan labule aka ce Allah ya kai lafiya, a gaida mai ɗaki. Fuskar Uwani ban taɓa gani ba. In mun haɗu a hanya ba zan gane ta ba, sai dai in ta yi magana.

Dawowa ba labari. A kan iyaka ma'aikacin nan ya tambayi ina Baba. Na ce ya isa. Shaddar tana wurin Saratu, turaren na ba Fasto.

Shekaranjiya sun kira. Uwani ta ce ciwon ya bushe, tsagar ta rufe, kuma ta hana Malam Juma'a biyu, sai ta uku. Malam ya ƙwace wayar ya ce in zo in ɗauke shi, yarinyar nan ta fi arne mugunta, ko shayi sai ta tsoma gwiwar hannu a ciki. Na kashe.

Ga Kano, tun da kun matsa. Daron na bar wa Uwani. Akwai sabon mutum a gado na huɗu tun Talata, ƙafa biyu duk a buɗe, ba mai zuwa duba shi, kuma ya riga ya jefe ni da kofi. Mai tsohon daro a gida ya kawo ranar Lahadi. In ya zo da niyyar naɗe hannun riga ma, ba zan kore shi ba.